Piriton ɗin yara ga kare: yana halatta, kuma nawa ne ƙa'ida?

Wani bawan Allah daga wajen Ƙofar Guga a Katsina ya aiko da wannan tambaya: "Likita, salamu alaikum. Ina da kare ɗan gida, namiji, mai shekara biyu, shi ke yi mini gadin tumaki. Kwanakin baya rina suka harbe shi a gindin darbejiya, fuskarsa ta kumbura har idanunsa suka kusa rufewa. Maiɗakina ta ɗauko Piriton na ruwa da muke bai wa yaronmu, na ɗura masa cokali ɗaya, kafin wayewar gari kumburin ya saɓe. To yanzu wata guda ke nan yana susa ba dare ba rana, gashin bakin kunnuwansa da na gwiwoyinsa yana zuba. Na ci gaba da ba shi maganin amma babu sauƙi. Yana da illa ga kare? In ba shi da ita, cokali nawa zan ƙara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a garken.

Ana bai wa kare Piriton, mu kanmu likitocin dabbobi muna rubuta shi. Amma kada ka ƙara ko da ɗigo ɗaya a kan abin da kake ba shi yanzu, ka ma dakata da shi. Ciwo biyu ka kawo mini a cikin tambaya ɗaya. Na farko, wato kumburin harbin rina, aikin wannan magani ne. Na biyu, susar wata guda da zubar gashi, ba aikinsa ba ne, ko kwalba goma za ka ƙarar.

Idan rina ko zuma ko zirnaƙo ya harbi kare, wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fatarsa sukan saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ne ke buɗe ƙananan hanyoyin jini, ruwa ya tsattsafo cikin nama, leɓe da fatar ido su kumbura, wani lokaci jiki ya yi rudu-rudu kamar yadda borin jini ke yi wa mutum. Sinadarin da ke cikin Piriton, chlorpheniramine, yana riga histamin zama a gurbin da zai sauka, sai kumburi da ƙaiƙayi su lafa. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya kashe ƙwaro, ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya karya dafi. Tsohon magani ne, tun ƙarshen shekarun 1940 ake amfani da shi, shi ya sa aka san halinsa sarai a jikin mutum da na dabba.

Ƙa'idarsa ga kare da nauyin jiki ake auna ta, ba da shekaru ba kamar yadda aka rubuta wa yara a jikin kwali. Miligiram 0.2 zuwa 0.4 ne ga kowane kilo ɗaya, bayan kowace awa 8 zuwa 12, kuma ba a haura miligiram 0.5 a kan kilo. Yawancin karnukanmu na gida da suka girma suna tsakanin kilo 12 da 20. A ce naka kilo 15 ne: rabonsa miligiram 3 zuwa 6 a sha ɗaya. Ƙwayar nan ƙarama ta manya miligiram 4 ce, ka ga ƙwaya ɗaya ta yi masa daidai. Na ruwa kuwa yawanci miligiram 2 ne a cikin kowane mil 5, don haka sai ya sha mil 10 kafin ya sami abin da ƙwaya ɗaya za ta ba shi. Cokali ɗaya da ka ɗura masa ran nan, in ma duk ya shiga ciki, kusan miligiram 2 ne in cokalin shayi ne, ƙasa da ƙa'ida. Ba ka cuce shi ba. Amma kuma kada ka ba maganin ladan da ba nasa ba ne duka: irin wannan kumburi yakan sauka da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Babban kare irin Alsashan ɗin da ake ajiyewa a gidajen GRA, mai kilo 30 zuwa 35, ƙwaya biyu yake sha, miligiram 8. Ƙaramin kare mai kilo 5 kuwa miligiram 1 zuwa 2 ne, wato mil 2.5 zuwa 5 na sirop. A nan kaɗai na ruwan ya fi ƙwaya amfani, domin raba 'yar ƙwayar nan gida huɗu daidai wa daida da reza ba ƙaramin aiki ba ne. Ga karen da ya kai kilo 10 ko ya wuce, ni ƙwayar nake zaɓa a kullum. Ta fi arha, ta fi sauƙin aunawa, kuma ba ta da tarkacen da ake zuba wa na ruwa don yaro ya yarda ya sha.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk abin da aka rubuta wa "na yara" mai sanyi ne, ba ya cutarwa. Wannan tunani shi ya fi kawo mana karnuka a galabaice. Sirop ɗin yara ba maganin manya ba ne da aka tsarma da ruwa kawai. Ana sa masa abin zaƙi, da ƙamshi, da abin hana lalacewa, wasu har da barasa kaɗan. Abin da ya fi haɗari a cikinsu shi ne xylitol, wani abin zaƙi da ake maye gurbin sukari da shi. Ga ɗan Adam ba ya komai, har haƙori yake gyarawa. Jikin kare kuwa yana ɗaukarsa a matsayin sukari mai yawa, sai ya kwararo insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini, sukarin jininsa ya faɗi warwas, sau da yawa cikin ƙasa da awa ɗaya. Giram 0.1 a kan kowane kilo ya isa ya jawo haka, wato giram ɗaya da rabi ga kare irin naka. In ya kai giram 0.5 a kan kilo, hanta ce ke lalacewa. Duk kwalbar da ka ga an rubuta mata "sugar free", juya bayanta ka karanta. In sorbitol ne, iyakarsa zawo. In xylitol ne, ko kuma ba a faɗi ko mene ne ba, ajiye ta.

Abu na biyu da za ka duba a jikin kwali shi ne ko sinadari ɗaya ne a ciki ko haɗi ne. A kemis ɗinmu duk abin da ke sa barci da tsayar da majina Piriton ake ce masa, kuma mai shago yakan miƙo wanda ya fi kusa da hannunsa. Akwai na tari mai suna kusan iri ɗaya. Akwai na mura irin su Procold da Mixagrip, waɗanda suka haɗa chlorpheniramine da paracetamol da maganin buɗe hanci. Wannan na buɗe hancin, pseudoephedrine ko phenylephrine, shi ne mugun. Yana ɗaga bugun zuciyar kare da hawan jininsa, ya hana shi zama wuri ɗaya, jikinsa ya yi zafi, ya shiga karkarwa har farfaɗiya. Miligiram 30 na pseudoephedrine, abin da babban mutum zai haɗiye ya tafi kasuwa, ya isa ya kwantar da ɗan kare mai kilo 5. Duk maganin alaji, wato borin jiki, da aka liƙa wa harafin D a ƙarshen sunansa, irin wannan haɗin ne. Paracetamol kuma in ya yi yawa yana cin hantar kare, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, don haka in akwai mage a gidan kada a kusance ta da komai daga akwatin maganin yara. Ibuprofen da diclofenac, da ake yawan haɗawa a ba dabba "don zafin harbin", suna huda cikin kare su taɓa ƙodarsa. Sai maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigowa da shi a 2018 amma bai ɓace daga wasu shaguna ba. Shi ma babu ruwan kare da shi.

In ka shiga intanet za ka ga Turawa suna ta maganar Benadryl. Wannan diphenhydramine ne, ɗan uwan chlorpheniramine, kuma ƙa'idarsa daban take: miligiram 2 zuwa 4 a kan kilo, sau biyu ko uku a rana. Na yara a Amurka miligiram 12.5 ne a mil 5. Na kawo shi ne don kada ka ɗauki lissafin wancan ka ɗora a kan wannan, domin tazarar ninki goma ce. Wanda ya bai wa kare Piriton da ƙa'idar Benadryl ya shayar da shi guba. A nan kuma da wuya ka sami diphenhydramine shi kaɗai, yawanci a cikin maganin tari yake zuwa tare da wasu abubuwa. Wanda za ka samu cikin sauƙi shi ne cetirizine, ƙwaya mai miligiram 10 ko sirop mai miligiram 5 a mil 5. Kusan miligiram 1 ne a kan kilo, sau ɗaya a rana, kuma ba ya sa barci sosai. Ƙwaya ɗaya ta ishi kare mai kilo 10 zuwa 15. Ga kare mai gadi wannan ba ƙaramin abu ba ne, don mai gadin da ya sha Piriton da magariba kwana zai yi tare da tumakin. Ɗaya ake zaɓa a cikinsu, ba a haɗa biyu.

Duk wannan lissafi ya rataya a kan sanin nauyin karen, kuma ido yana yaudara, musamman ga kare mai dogayen ƙafafu da siririn ciki irin na mafarauta. Hau sikeli kai kaɗai, sannan ka hau riƙe da shi, ka cire na farko daga na biyu. In ba ka da sikeli a gida, na rataye da masu awon hatsi ke amfani da shi ya wadatar, a sa shi cikin buhu kansa a waje. Yi wannan tun yana lafiya ka rubuta a bango, ba a fafe gora ranar tafiya. Cokali kuma ka bar shi a kicin. Ana cewa cokalin shayi mil 5 ne, amma na gidajenmu wani bai kai ba, wani ya wuce. Sayi sirinji mai mil 10, cire allurar, ka ware shi don karen kaɗai. Ka zura shi ta gefen baki, tsakanin kunci da haƙora, kana matsawa a hankali yana haɗiyewa. Kada ka ɗaga kansa sama ka kwarara, zai shaƙe maganin ya tafi huhu. Ƙwaya kuwa cusa ta cikin ɗan nama ko lomar tuwo da miya, shi ke nan.

Akwai karnukan da ba a ba su ba tare da likita ya gani ba: karya mai ciki ko mai shayarwa, kwikwiyon da bai kai wata uku ba, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya ko hanta, tsohon namiji da fitsari ke yi wa wuya, da wanda idonsa ya yi fari-fari ya ɗago. Sannan ka lura da yanayi. Maganin yana busar da baki yana sa kasala, kare kuwa ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, karen da ya sha shi yana buƙatar inuwa da ruwa a gabansa, ba ɗauri a rana ba, ba kuma fita farauta ba. In an zarce ƙa'ida, abin mamaki ba kullum barci ne yake ƙaruwa ba. Sai ka ga kare ya kasa zama, baƙin idonsa ya buɗe, zuciya na dukan uku-uku, jiki na rawa. In ka ga haka, ɗauki kwalbar da kwalinta ka tafi asibitin dabbobi. Kada a ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai, gishirin kansa yana kisa. Manja da madara ma ba su warware komai, sai dai su ɓata lokaci ko su sarƙe shi.

Wani abin da nake so ka riƙe tun da rinar nan suna nan a darbejiyarka: harbi na biyu yana iya fin na farko muni. A jikin kare ma aka fara gano wannan. A 1902 wasu masana biyu 'yan Faransa, Charles Richet da Paul Portier, suka yi wa karnuka allurar dafin wata halittar teku, suka warke, bayan makonni aka sake yi musu ɗan kaɗan, sai ga kare ya faɗi ya mutu cikin mintoci. Wannan bincike ya samo wa Richet kyautar Nobel a 1913. A jikin mutum irin wannan mummunan bori maƙogwaro da huhu yake fara kamawa. A kare kuwa hanta da hanji ne, shi ya sa alamarsa ke rikita mutane: amai farat ɗaya, zawo, wani lokaci da jini, ƙafafu su saki, in ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari. Mai fuska a kumbure yana yawo yana kaɗa jela ya fi wannan lafiya nesa ba kusa ba. Wanda ya faɗi allurar adrenalin yake buƙata da ƙarin ruwa, yanzu-yanzu. Maganin sha sai ya ɗauki rabin awa ko fiye kafin ya fara aiki, kuma ba zai ma zauna a cikinsa ba.

Ba kowane kumburin fuska ne na rina ba. Kare da hanci yake bincike, don haka a fuska maciji ya fi saransa. Kumburin kububuwa ko kasa gefe ɗaya yake farawa, yana da zafi ƙwarai, yana ci gaba da hawa maimakon sauka, kuma sau da yawa za ka ga jini yana tsattsafowa daga wurin ko daga dasashi ba ya tsayawa. Gamsheƙa kuma takan tofa dafi a ido, wannan wankewa ake yi da ruwa mai yawa nan take. Babu abin da Piriton zai yi wa dafin maciji. Haka in ka ga kare yana dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, halinsa ya sauya, ko muƙamuƙinsa ya saki, kada ka ce wani abu ne ya harbe shi a baki ka kai hannu. Haukan kare kan zo da wannan kama, kuma ta miyau yake shiga mutum. Killace shi, kira likita. In ya riga ya ciji wani ko miyansa ya taɓa rauni, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ranar. Ban san ko an yi wa naka rigakafi ba, tun da ba ka faɗa ba. Ana yi daga wata uku, ana sabuntawa duk shekara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana haɗa allurar a cikin ƙasar nan.

Yanzu ga susar. Yadda ka kwatanta ta, bakin kunnuwa da gwiwoyi, gashi na zuba, ba dare ba rana, abin da ya fara zo mini shi ne ƙazuwa. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ido ba ya gani, macen takan haƙa rami a cikin fata ta zuba ƙwai. Ta fi son wurin da gashi bai cika ba, shi ya sa take farawa daga gefen kunne, gwiwa, da ƙasan ciki. Gwada wannan: murza bakin kunnensa a hankali tsakanin yatsu biyu. In ƙafarsa ta baya ta fara harbawa kamar mai susa, to zato ya ƙarfafa, ko da yake ba hukunci ba ne. Duba kuma gindin jela ko akwai baƙin gari kamar barkonon da aka daka, wannan kashin ƙuma ne. Duba cikin kunne da tsakanin yatsu don kaska. A ƙasar nan, kafin a ce kare yana da alaji sai an kawar da waɗannan ukun, sai kuma makero, da bushewar fata ta lokacin hunturu. Ko alajin gaske ne ma, irin na ƙura ko abinci, su Piriton ba su cika yin tasiri a kansa ba a jikin kare, domin ba histamin kaɗai ke haddasa wannan ƙaiƙayin ba. Abin da mutane ke gani su ce sauƙi ne, yawanci barci ne ya ɗauke karen daga susa.

Ka tambayi mutanen gida ko wani ya fara ƙaiƙayi a hannu ko ciki ko ƙugu, musamman yaron in yana wasa da shi. Ƙazuwar kare tana hawa mutum. Ba ta daɗewa a jikinmu, takan mutu da kanta in an yi wa karen magani, amma tana hana barci.

Maganinta sananne ne, kuma na tabbata yana cikin kayanka na tumaki: ivermectin. Nan ne nake roƙonka ka riƙe hannunka. Wanda ake yi wa shanu da tumaki miligiram 10 ne a kowane mil ɗaya, kare mai kilo 15 kuwa abin da yake buƙata bai kai rabin mil ba, a ƙarƙashin fata, a maimaita bayan mako biyu, sau biyu ko uku. Masu kiwo sun saba jan mil biyu ko uku, kuma a haka ake samun kare ya makance, yana tangaɗi, yana dalala. Wasu jinsunan Turai masu kiwon tumaki, irin su Collie da barbarar yanyawansu, ko ƙa'idar daidai ma tana iya kayar da su. Bari likita ko ma'aikacin dabbobi ya auna ya yi ta farko a gabanka. Akwai kuma sababbin ƙwayoyi na taunawa, Bravecto da NexGard da Simparica, masu kashe ƙazuwa da ƙuma da kaska gaba ɗaya. Suna da kyau ƙwarai, tsada ce matsalarsu, kuma sai a manyan shagunan maganin dabbobi. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne shafa baƙin mai, ko kananzir, ko wanka da fiya-fiya da Sniper. Fatar da ta riga ta tsage tana shan gubar kai tsaye, ragowar kuma ya lashe.

In ka kai shi asibitin dabbobi na gwamnati, za su kankari fatar bakin kunnen da reza har ta ɗan yi ja, su duba a madubin likita. Ba kullum ake ganin ƙwaron ba ko da yana nan, don haka in likita ya ce a yi maganin duk da ba a gan shi ba, yana kan daidai. In fatar ta yi ruwa ko tana wari, za a haɗa masa da maganin ƙwayoyin cuta. Kada ka bari a ba shi magungunan danne kumburi irin su dexamethasone ko prednisolone haka kawai daga kemis: susar za ta tsaya kwana biyu kamar an yi sihiri, ƙwaron kuma ya samu sarari ya ninku. Tsumman da yake kwanciya a kai ƙona shi ko ka tafasa, in akwai wani kare a gidan a yi musu tare ko da ba ya susa, tumakin ma a duba fuskokinsu da kunnuwansu. Susar takan ragu cikin mako biyu, gashi kuwa sai ya ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin ya rufe.